Infuluwensa a Gidan Malam

Kajin Inna ne suka fara shan wahalar wannan kalma. Na dawo daga makaranta bayan azahar, ina ƙoƙarin jingine babur a zaure, sai ga mahaifiyata ta fito da kwando a ka, kaji suna ta kuka a ciki, ga kuma zakara ta maƙale a hammata. Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ranar sauri take kamar ta bar tuwo a wuta. Na ce, "Inna, lafiya? Kasuwa za a kai su?"

"Matsa ka ba ni hanya," in ji ta. "Kana can kana koya wa 'ya'yan mutane Turanci, cuta ta shigo maka gida ba ka sani ba. Maƙwabta zan kai su kafin su ɗauka."

Na bar babur ɗin a nan. Na kutsa cikin gida, na tarar da babbar 'yata zaune a kan kujera 'yar tsugunno, an lulluɓe ta da bargo a wannan zafi da ko rigar jikinsa mutum ji yake kamar ya cire. A ƙarƙashin bargon tukunyar surace ce take tururi, ƙamshin ganyen darbejiya da lemun tsami ya cika gidan. Mata biyu daga maƙwabta suna tsaye nesa-nesa, gyale a hanci, suna ta "sannu, Allah ya sawwaƙe." Kafaɗun yarinyar sai girgiza suke, na ɗauka kuka take yi. Da na ɗaga bargon sai na ga dariya ce ta ci ƙarfinta, hawaye da gumi sun haɗu a fuska.

"Abba, wallahi lafiyata ƙalau," ta ce da ƙyar. "Inna ce ta ji an ce na zama infuluwensa."

Ashe 'yar ƙanwata ce da ke birni ta kira ta, wayar a buɗe kowa yana ji, ta ce mata, "Ke ai yanzu kin zama infuluwensa, ko'ina ke ake magana." Inna tana gefe tana tsintar shinkafa. Inna ba ta jin Turanci, amma wannan kalma ta san ta sarai, don ta taɓa yi mata ɓarna. Shekarar da murar tsuntsaye ta zo, rediyo ya yi ta faɗin infuluwenza safe da yamma, malaman dabbobi suka shigo garinmu da takunkumi a baki, akurkinta ya ƙare tas. Tun daga nan ta riƙe sunan maƙiyinta. Bambancin "sa" da "za" a ƙarshen kalma ba damuwarta ba ne, ta ajiye tire ta ɗora tukunya.

Kada a jira in faɗi sunan yarinyar nan. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi ko ya tsaya masa a gaban manya. Sannan sunan kakata aka sa mata, don haka Inna ma ba ta faɗa, sunan surukarta ne. Mahaifina kuwa, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, "uwata" yake ce mata. Sunan nan ya huta a gidanmu, mutanen waje ne suke morarsa. Ni ma ɗan fari ne, na san abin daga ciki. Na haura hamsin ban taɓa jin sunana a bakin Malam ba. "Kai" nake, in kuma yana cikin nishaɗi, "malamin boko."

Aikin gona ta karanta a birni. Ta dawo gida babu aiki, ta ƙi zama haka nan. Ta tattara tsofaffin buhuna ta cika su da ƙasa, ta jera a bayan ɗakin uwarta, ta shuka tumatir da attaruhu da alayyafo da kuɓewa. Da farko dariya muka yi mata. Gidan da ke da lambu a Watari a ce ana noma a buhu! Da Inna ta fara tsinkar kayan miya ba tare da ta aiki kowa ba, dariyar ta ragu. Sai yarinyar ta fara ɗaukar aikin a waya, hannuwanta kawai da muryarta, tana bayani dalla-dalla, tana sakawa mutane su gani. Mata suka yi mata ca, musamman waɗanda ba sa fita, masu ɗan fili a gindin katanga. Ni ina gani ina jin daɗi a raina, in na zo wucewa ta wajen buhunan kuma sai in ɗaure fuska in ce a kula kada su tara sauro.

Malam ya san da buhunan, har yakan tsaya ya taɓa ƙasar da yatsa. Abin da bai sani ba shi ne muryar jikarsa tana yawo a garuruwa. Ranar kajin ya sani. Ya dawo daga lambu ya tarar da akurki fayau, gida yana warin darbejiya, kowa yana ba shi nasa labarin. Sai da ya sallami ɗalibansa na la'asar, sannan ya sa aka kira ni zaure.

Mahaifina malamin zaure ne kuma manomi, yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu wahala. Ba ya yarda da kalma sai ya san daga ina ta fito. Ya taɓa hana a shigar masa da wani maganin feshi lambu don mai sayarwa ya kasa gaya masa ma'anar sunan. A wurinsa, abin da aka ɓoye asalin sunansa akwai dalilin ɓoyewar.

"Kai," ya ce, "wane irin suna ne wannan aka laƙaba wa uwata?"

"Malam, ba cuta ba ce. Kalmar Turanci ce, infuluwens, wato tasiri. Mai yin sa shi ne infuluwensa. Wanda mutane suke sauraro a waya, in ya ce ga yadda ake abu su bi."

"Su wa suke sauraron?"

"Mata ne galibi."

"Galibi," ya maimaita. Sannan ya ce, "Tasiri na san shi. Daga asar yake, kalmar Larabawa, sawun da mai tafiya ya bari a ƙasa. In ka ce mutum ya yi tasiri, ka ce ya wuce ya bar sawu. To ita taku ta Turawan, daga ina ta fito?"

Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo, na iya rubuta kalmar ido rufe, na iya sa ta a jimla, amma ban taɓa tambayar uwarta ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini harshe, inda na fi jin ta shi ne ofishin malamai. In aka ɗauke malamin da ba ya zuwa aji aka mai da shi makarantar bakin titi, sai mu kalli juna mu ce infuluwens gare shi, ma'ana yana da wani a sama. Wannan ban ga amfanin kawo wa Malam ita ba.

Ya ce a kawo wayar. Yarinyar ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa, dariyar ɗazu duk ta gudu. Ya naɗe wayar a hankici ya ɗora kan littattafansa. "Uwata, ba fushi nake ba," ya ce. "Abin da ban sani ba ba na haramta shi, ba na kuma sa masa albarka. In malamin boko ya zo mini da asalin kalmar, na ga asali ne na kirki, ki ci gaba. In ba haka ba, ki yi nomanki a buhu, muryarki ta zauna a gida."

Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma roƙe ni ba. Da safe ta fito ta ba buhunanta ruwa kamar kullum. Uwarta ce ta gaya mini abin da ke cin ta. Ta sa matan nan duk sun zuba irin tumatir a tsofaffin robobi, ta yi musu alkawarin za ta nuna musu yadda ake dashe. Iri kuwa ba ya jiran kowa, in ya wuce lokacinsa a roba sai ya yi tsawo ya yi laushi ya lalace. Mata suna can suna kallon robobinsu suna jiran murya, murya tana naɗe a hankici.

Zan faɗa a nan tunda takarda ba ta jin kunya: ina son yarinyar nan son da ban san inda zan kai shi ba. Da wani ɗan ne daga cikin ƙannenta, da na shiga zaure na yi ta magiya har Malam ya gaji. Amma ɗan fari ya je gaban ubansa yana roƙa wa 'yar farinsa? Bakina ba zai iya ba. Hanya ɗaya aka bar mini, kalmar nan. Na duba ɗan ƙamus ɗina na aji, ma'ana kawai ya ba ni. Wayata irin mai madannai ce, ba ta san komai ba sai gaisuwa. Wayar da za ta amsa tambayar a take kuwa ita ce a tsare. Abokan aikina matasa suna da irinta, amma na san Malam: in na ce masa waya ce ta wanke waya, shari'ar ta mutu. Ranar Asabar na zuba mai a babur na nufi Rimin Gado.

A can tsohon malamina yake, wanda ya koya mini Turanci tun ina da gashi. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya tsufa, idon ya yi rauni, bakin yana nan yadda na san shi. Na ba shi labari tun daga kan kaji. Ya yi dariya har ya dafe ƙirji, sannan ya sa aka ɗauko masa babban ƙamus ɗinsa, wanda ya kai ɗan akuya nauyi. Ya ce in nemo kalmar in karanta masa da ƙarfi. Na fara, ya tsayar da ni ya gyara mini lafazi, ni da furfurata.

"Ba ma'anar ba," ya ce. "Sauka ƙasa, wurin ƙananan haruffan nan da ku malaman yanzu kuke tsallakewa."

Na karanta, yana fassara mini kamar ban taɓa shiga aji ba. Daga harshen Latin kalmar take, harshen Rumawan da. Guntaye biyu aka haɗa, ɗaya yana nufin ciki, ɗaya yana nufin kwarara. Kwarara zuwa ciki, yadda ruwa yake yi. Ruwa! Wa zai kai wa mai lambu labarin ruwa ya ƙi saurara? Na fara rufe littafin ina godiya.

"Ina za ka? Ci gaba."

Na ci gaba, murnar tana zubewa. Mutanen wancan zamani sun ɗauka akwai wani abu da ba a gani yana kwararowa daga taurari, yana shiga jikin ɗan Adam ya juya halinsa da rabonsa. Shi suka fara kira da wannan suna. Sai daga baya aka ƙyale taurarin aka mai da kalmar kan mutane, wanda maganarsa ke shiga wani ta juya shi.

"Yanzu duba ta ƙasanta," in ji tsohon, yana murmushin mugunta.

Ta ƙasanta ita ce maƙiyiyar Inna. Mutanen Italiya in annobar mura ta sauka sai su ce aikin taurarin nan ne, infuluwenza da bakinsu. Turawan Ingila suka ari kalmar suka sa wa cutar. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da sunan da aka laƙaba wa 'yata.

"Ka gaida mini tsohuwa," ya ce yana share ido. "Ka ce mata kunnenta ya gane dangi."

A hanyar dawowa na tsaya a bakin kanal na kashe babur. Ruwan dam yana tafiya a hankali, masu lambu suna ta jan sa zuwa gonakinsu. Na zauna ina lissafi irin na lauya. Kalmar nan kashi uku ce: ruwa, taurari, cuta. In na kai wa Malam ruwan kaɗai, ban yi ƙarya ba, kuma gobe waya ta fito. In na haɗa da taurari, na kai wa malamin tauhidi labarin masu duba, da hannuna na rufe bakin 'yata. Na yanke shawara zan tsaya a ruwa. Na tayar da babur ina jin kaina mai wayo.

Da la'asar, bayan ɗalibai sun watse, na zauna a gefen buzun Malam na ce na samo. Na faɗi Latin, na faɗi ciki, na faɗi kwarara, har da kwatance da hannu. Fuskar Malam ta saki. Ya gyaɗa kai, ya ce kalma ce mai kyau, ashe su ma suna da hankali. Na fara hango hankicin nan ana kwance shi.

"To," ya ce, "daga ina yake kwararowa?"

"Na'am?"

"Ruwa ba ya kwarara sai da mafari. Su da suka ƙirƙiri kalmar, daga ina suka ce yana zuwa?"

Duk wayon bakin kanal ya tsaya a bakin kanal. Ban taɓa iya kallon idon mutumin nan in rage masa magana ba, ranar ma ban iya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Daga taurari, Malam." Tunda kuma na fara sai na zazzage buhun duka, har Italiya, har mura.

Daga bayan ƙofar zaure aka rangaɗa guɗa. Ashe Inna tana laɓe tun farko. "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba? Kuka mai da ni mahaukaciya a unguwa! Yo ai ga shi a littafin Turawa!" Ta wuce cikin gida tana shela, muna jin ta tana ba uwar yarinyar labari da ƙari a kai.

Malam bai yi dariya ba. Ya yi a'uziyya a hankali, ya ja carbinsa. Ina zaune ina tunanin robobin matan nan, ina tunanin da wane ido zan kalli yarinyar gobe da safe, ina jin haushin kaina da tsohon malamina da mutanen Italiya gaba ɗaya.

"Taurari," ya ce daga ƙarshe. "Mu ma muna duba su mu san damina ta kusa. Amma alama ce, ba su da ikon saukar da ko ɗigo. Mutanen nan sun yi kuskure a mafarin ruwan, ba su yi kuskure a ruwan ba. Abu yana fita daga mutum ya shiga mutum, wannan gaskiya ne, na gani a zauren nan. Wani lafiya, wani cuta, ga shi kalmar da kanta ta haifi duka biyun. Don haka ba a kalmar hukuncin yake ba. Kira mini uwata in ga abin da ke fita daga wurinta."

Ta zo ta durƙusa. Ya kwance hankicin da kansa ya miƙa mata. Tana kunnawa wayar ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin da suka taru suna shigowa, har Malam ya ɗan ja da baya. Ya ce a fara da su. Ta danna na farko, muryar wata mata ta cika zauren: "Malama, irin nawa ya yi ganye huɗu, in dasa ko in jira? Na ji ki shiru, Allah ya sa lafiya." Ta biyu dattijuwa ce daga wajen Makoda, tana magana da ƙarfi irin ta wanda bai saba da waya ba. Ta ce tunda take ba ta taɓa shuka abu ya fito ba sai a hannun yarinyar nan, yanzu jikokinta kullum sai sun leƙa robar kafin su karya. Ta yi ta sa albarka har saƙon ya yanke.

"Malama suke ce miki?" in ji Malam.

"E, Malam. Na hana su sun ƙi."

"Ashe ɗalibai ne." Ya juyo ya harare ni kamar ni na ƙwace wayar. "Ba wanda ya gaya mini ɗalibai ne. Ana barin ɗalibi a tsakiyar darasi?"

Ya ce a nuna masa darasin. Ya sa tabarau ya matso, hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Hannuwanta suka fito suna cakuɗa ƙasa, muryarta tana cewa, "Kakana ya koya mini kada a ba shuka ruwa rana tana tsaka, kuma kafin ki zuba ki fara tambayar ƙasar da yatsa." Malam ya yi gyaran murya, ya gyara zaman tabarau, ya yi kamar bai ji ba. Can sai muryar ta ce, "Sai ki kawo kompos ɗinki ki zuba."

"Tsaya. Mene ne kompos?"

"Taki ne, Malam, wanda aka rufe ya ruɓe."

"To ki ce ruɓaɓɓen taki mana! Tsohuwar nan ta Makoda ina za ta samo kompos? Sai ta ɗauka wani abu ne a kanti." Ya cire tabarau. "Wannan sai an gyara. Dashe kuma ba a koya shi a buhu kaɗai. Gobe ki biyo ni lambu da abar taki."

Haka aka yanke shari'ar, ba wanda ya ce an yarda. Yarinyar ta fita da wayar a ƙirji, ina jin ta tana tsalle a soron ciki, tana tsammanin ba ma ji. Inna ta aika aka dawo da kajinta da yamma, tana cewa ita dai ta gama nata, in sun mutu a kanmu. Zakaran ne ya ƙi zama. Ya ga gidan maƙwabta ya fi kaji, kullum sai an je an kamo shi, har Inna ta haƙura ta ce shi ma infuluwensar ce ta kama shi.

Washegari na goya Malam a babur zuwa Watari, ita kuma ta biyo mu a motar kasuwa. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, tumatir ya yi kore shar, ruwa yana gudu a 'yar magudanar da ta ratsa lambun. Malam ya naɗe wando ya cire takalmi. "A ɗauki hannu da ƙafa," ya ce, "ban da fuska. Ni ba infuluwenza ba ne." Ba wanda ya gyara masa.

Ya nuna yadda ake ciro iri da ƙasarsa ba a tsinka saiwa ba, da zurfin ramin, da yadda ake danne gindin da babban yatsa. Ita kuma tana ƙara bayanin yadda za a yi haka a buhu, da tazarar da za a bari. Suna musu kaɗan-kaɗan, yana cewa haka muka gada, tana cewa haka aka gwada, kowa yana sakar wa ɗan'uwansa wani abu. Ni ina tsaye can gefe da hannu a baya kamar baƙon da ya zo sayen tumatir.

Da aka gama dashen ya ɗauki fartanya ya tsaya a kan kunyar da ta raba fangalin da magudana. "Ku duba nan," ya ce wa wayar. "Ruwa ba ya shiga sai an ɗan fasa kunya. Kaɗan ake fasawa. In shuka ta sha sai a mayar." Ya sara sau ɗaya, ƙasar ta buɗe, ruwa ya kwararo cikin fangalin yana bin gindin dashen ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ƙafarsa daga taɓo, sawun ya fito sak, ruwan ya gangaro ya cika shi. Ya nuna da bakin fartanya. "Uwata, ga ta Turawa, ga ta Larabawa, sun haɗu a lambuna."

Bai ɗago ba, idonsa yana kan ruwan, ya ci gaba da magana da murya ɗaya. "Ki gaya wa malamin bokon can da yake tsaye kamar bai san mu ba, ya yi karatu mai kyau. Da ya ɓoye mini taurarin nan da na gane, kuma da wayar tana nan a hankici." Ya ɗan tura ƙasa da ƙafa. "Ki kuma gaya masa na san ba don kalma ya ƙona mai har Rimin Gado ba. Ni ma ina da ɗan fari."

Ban san lokacin da na tsuguna a bakin magudanar ba. Na ɗebi ruwa na yi ta wanke fuska, na daɗe ina wankewa, fuskar da ba abin da ya same ta. Daɗi ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga shi ba wurin ajiye shi. Ban sani ba ko da gangan ya zaɓi maganar fasa kunya. Mutumin da yake auna kalma kamar Malam, da wuya a ce tsautsayi ne. Ina ɗagowa na ga ya jawo ƙasa da fartanya ya toshe bakin fangalin, ya daddanne da ƙafa.

"Kai," ya ce, "tsayuwar me kake yi? Ɗauko kwandon can."

Darasin dashen ya fita a ranar, matan suka dasa irinsu, hotunan buhuna suka yi ta shigowa har damina. Amma wayar ba ta daina ɗauka ba lokacin da Malam yake ba da saƙonsa. Yarinyar ta yanke wannan guntun ba ta saka wa kowa ba, ba ta kuma taɓa ce mini tana da shi ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Wani lokaci dai in na dawo daga makaranta nakan tsaya wajen buhunan in ce, "Ke, ara mini wayar nan in duba wani abu." Sai ta lalubo wurin ta miƙo mini, ta ɗauki bokitinta ta tafi ɗebo ruwa, ko da randa a cike take.